Ciwon Bayan Cinya: Abin Da Ke Sa Yake Komo Wa Masu Ɗaga Ƙarfe

Da wuya a sami unguwa a manyan garuruwan ƙasar nan wadda ba ta da wani kango, ko bayan makaranta, ko gindin bishiya, inda samari ke taruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya domin ɗaga ƙarfe. Masu hali sukan tafi gidajen motsa jiki inda ake biya wata-wata. Marasa hali kuwa sai su nemi sandar ƙarfe, su cika manyan gwangwanaye biyu da siminti su kafa mata a kowane gefe, ko kuwa su je wurin 'yan gwangwan su sayo tsofaffin ƙarafan mota su zura. A duk irin waɗannan wurare akwai mutum guda da ba a rasawa, watau wanda ke tsaye daga gefe, ya dafa bayan cinyarsa, yana kallon 'yan'uwansa suna aiki.

Labarinsa kusan kullum iri ɗaya ne. Ya sunkuya zai ɗaga ƙarfe daga ƙasa, sai ya ji kamar an tsula masa bulala a bayan cinya. Ya yi kwana goma ko mako biyu yana shafa man zafi, ɗingishi ya tafi, ya tabbata ya warke. Ran da ya koma, sai ya ɗora nauyin da ya bari, domin kada abokai su ce ya yi sanyi. Kafin mako ya zagayo ciwon ya dawo, a wuri ɗaya, ya ma fi na farko. Wani sai a yi haka da shi sau uku ko huɗu cikin shekara guda, har ya fid da rai ya ce sanyin ƙashi ne, ko kuwa sammu.

Abin bai tsaya ga wasa ba. Cikin masu ɗaga ƙarfen nan akwai 'yan dako waɗanda abincinsu ke kan ƙafafunsu, akwai 'yan dambe da 'yan kokawa masu shirin kaka, akwai kuma samarin da ke gina jiki don neman shiga soja ko aikin ɗan sanda, inda gudun gwaji na rana ɗaya zai iya yanke wa mutum hukuncin shekara. Ciwon kuma bai san girma ba. A watan Agusta na 2017, a birnin Landan, Usain Bolt na ƙasar Jamaika, wanda har yau babu mai ya da tarihinsa a tseren mita 100, ya faɗi a kan hanya cikin tserensa na ƙarshe, tsokar bayan cinyarsa ta hagu ta yage.

Yadda wurin yake

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa. Hanyar jini jijiya ce, farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka nan kuma zaren da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. Saboda haka in mutum ya ce jijiyarsa ke ciwo, bai faɗi kome ba tukuna. A nan za a kira igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi da sunan da mahauta suka san ta da shi, watau agara.

Tsokoki uku ne ke kwance a bayan cinya. Daga sama, agararsu tana manne da ƙashin nan na ƙasan ƙugu wanda mutum ke ji yana tokarar benci in ya daɗe a zaune. Daga ƙasa kuwa sun ƙetare gwiwa, biyu sun kama ƙashin ƙwauri ta ciki, ɗaya ta kama siririn ƙashin da ke waje. Watau gaɓa biyu suke yi wa hidima a lokaci guda: su ne ke lanƙwasa gwiwa, su ne kuma ke taimakon ɗuwawu wajen miƙar da ƙugu. A nan haɗarin yake. In mutum ya sunkuya gaba alhali gwiwarsa a miƙe, ana jan tsokokin nan ta sama da ta ƙasa gaba ɗaya, kuma a daidai wannan lokaci ne ake bukatar su riƙe nauyin ƙarfe da na gangar jiki.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san bambancin jawo guga da zura shi. Jawowa aiki ne, amma a zura guga cike da ruwa a hankali, ba tare da igiya ta kufce ba, wani aiki ne dabam, domin hannu yana sakewa ne yana kuma riƙewa. Irin wannan aikin birki shi ne tsokokin bayan cinya ke yi sa'ad da ake sauke ƙarfe, ko sa'ad da ƙafar mai gudu ta miƙe gaba kafin ta taɓa ƙasa. Galibin yagewa a nan take faruwa.

Ciwo uku, wuri ɗaya

Na farko shi ne yagewar tsoka. Ita farat ɗaya take zuwa, mai ita zai iya faɗin rana da sa'a, wani har yakan ji ƙara. Bayan kwana biyu ko uku jini yakan kwanta a ƙarƙashin fata. Wani mai bincike na ƙasar Suwidin, Carl Askling, ya nuna cewa ita ma iri biyu ce. Akwai wadda gudu mai tsanani ke kawowa, akwai kuma wadda ke zuwa in an miƙar da tsokar fiye da kima, ko da a hankali ne. A cikin rahoton da ya fitar a 2006, ya bi 'yan tsere 18 da masu rawa 15. 'Yan tseren sun fi jin jiki a kwanakin farko, amma matsakaicin lokacin da suka ɗauka kafin su koma yadda suke dā mako 16 ne. Masu rawan, waɗanda suka tashi suna tafiya kamar ba abin da ya same su, sai da suka kai mako 50. Dalili kuwa shi ne, tasu yagewar can sama take, kusa da ƙashin zama, cikin agara, ita kuwa agara ba ta samun jini kamar tsoka. Wannan darasi ne babba ga mai ɗaga ƙarfe, domin sunkuyon da yake yi ya fi kama da na masu rawan. Ƙarancin zafi a makon farko ba shaida ba ce cewa raunin ƙarami ne.

Na biyu shi ne gajiyar agarar sama. Shi ba ya da ranar farawa. Wani nauyi ne mai zurfi a ƙasan ɗuwawu, wanda mutum zai iya nunawa da yatsa ɗaya. Yakan tashi a farkon motsa jiki, ya lafa in jiki ya yi ɗumi, sa'an nan ya dawo da ƙarfi washegari. Babbar alamarsa ita ce zama: direba, da tela, da ɗan acaɓa, da ɗalibin da ke wuni a kan benci, su ne suka fi sanin azabarsa. Abin da ke faruwa shi ne, duk sa'ad da ƙugu ya lanƙwashe sosai, agarar tana naɗe ƙashin zama kamar igiya a bakin rijiya, ana jan ta ana kuma matse ta. In aka yawaita mata haka fiye da yadda za ta iya gyara kanta, sai ta soma ciwo.

Na uku ba daga cinya yake ba sam. Babbar jijiyar laka da ke saukowa daga ƙasan gadon baya tana wucewa ne dab da ƙashin zama, ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. In guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya turo ya danne tushenta, abin da ɗagin ƙasa da baya a tanƙware ke iya jawowa, sai a ji zafin a cinya. Ana gane shi da cewa yana zarce gwiwa, yana zuwa da raɗaɗi kamar wutar lantarki, ko mutuwar ƙafa, kuma tari ko atishawa na tayar da shi. Mai irin wannan ko ya shekara yana murza cinya, aikin banza yake yi.

Me ya sa yake komowa?

Amsar a taƙaice ita ce, zafi yana riga rauni tafiya. Inda tsoka ta yage, jiki yana ɗinke wurin ne da tabo, shi kuwa tabo ba ya da laushin tsoka, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya yi ƙwari. Bugu da ƙari, tsokar da ta ji ciwo takan rame, ta kuma rasa ƙarfinta musamman a lokacin da take a miƙe, watau daidai inda ake bukatarta. Mutum zai iya tafiya, ya hau bene, har ya yi ɗan gudu bai ji kome ba, alhali ƙarfin birkin bai dawo ba. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Alƙaluman 'yan ƙwallo sun tabbatar da haka, tsoka kuwa ɗaya ce ko ta ɗan ƙwallo ko ta mai ɗaga ƙarfe. Tun 2001 Farfesa Jan Ekstrand da abokan aikinsa ke tattara bayanan raunuka daga manyan kulob-kulob na Turai a ƙarƙashin hukumar UEFA. A farkon aikin, raunin bayan cinya kashi 12 cikin 100 ne na dukan raunuka. A kakar 2021 zuwa 2022 ya kai kashi 24. Kashi 18 cikin 100 na waɗannan raunuka maimaici ne, kuma kashi 69 cikin 100 na maimaicin a cikin wata 2 na farko bayan komawa fili suka faru. In haka ta sami 'yan wasan da ke da likitoci a gindinsu dare da rana, ina ga saurayin da likitansa shi ne kwalbar man zafi?

Akwai kuma laifin kayan aiki, wanda ba a cika lura da shi ba. Faifan ƙarfe na gasa faɗinsa santimita 45 ne, saboda haka sanda takan tsaya wajen santimita 22 daga ƙasa. Gwangwanin siminti ko ƙaramin ƙarfen mota bai kai haka ba, sai sandar ta kwanta kusa da ƙasa, tilas mai ɗagawa ya ƙara sunkuyo, agarar sama ta sha matsa. Sa'an nan babu wanda ya san nauyin abin da yake ɗagawa. Akwai ƙarami, akwai babba, ba tsaka-tsaki. Wanda ya gaji da ƙarami sai ya yi tsalle zuwa babba, wataƙila bambancin kilo 30 a rana ɗaya. Tsoka tana saurin ƙara ƙarfi, agara kuwa tana tafe a baya, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ramin da ake faɗawa. Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi: a kai ƙarafan wurin mai sikeli a auna, a rubuta nauyin kowanne a jikinsa da fenti, a ɗora su a kan bulo don sanda ta ɗago, a riƙa ƙara nauyi da 'yan ƙananan jakunkunan yashi.

Hutu da miƙa

Abubuwa biyu da kowa ke ba da shawara a kansu, su ne suka fi yaudara. Na farko hutu. Kwanaki kaɗan na farko bayan yagewa lalle a huta, a ɗaure wurin da bandeji, a guji murza mai ƙarfi da gashi da ruwan zafi, domin suna iya ƙara zubar jini a ciki. Ƙanƙara tana rage zafi, amma ba ta ɗinke tsoka. Dokta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, da kansa ya fito a 2014 ya ce yawaita su na iya jinkirta warkewa. Dogon hutu kuwa ba ya haifar da kome sai tsoka mai rauni, wadda za a koma da ita ga nauyin da ya fi ƙarfinta tun tana lafiya.

Na biyu miƙa. Mai ciwon bayan cinya kullum ji yake wurin ya ɗaure, sai ya ɗora ƙafa a kan katanga ya yi ta sunkuyo. In ciwonsa na agarar sama ne, wannan shi ne ainihin abin da ke matse ta a jikin ƙashi. Yakan ji daɗi na minti goma, gobe ya tashi da abin da ya fi na jiya. Garin neman gira ke nan.

Abin da bincike ya nuna yana aiki shi ne nauyi, amma nauyi mai tsari. A 2013 Askling ya raba 'yan ƙwallon Suwidin 75 masu sabon rauni gida biyu, duka suka fara motsi kwana 5 bayan raunin. Kashi ɗaya aka ba su motsin da aka saba, ɗaya kashin aka ba su motsi uku da ke sa tsoka aiki tana a miƙe. Ɗaya daga ciki shi ne mutum ya tsaya a kan ƙafar da ta ji ciwo, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ya karkata gaba a hankali yana miƙa ɗaya ƙafar baya, kamar mai shirin nutso. Masu motsin da aka saba sun koma wasa bayan kwana 51 bisa matsakaici, ɗaya kashin kuwa bayan kwana 28.

Wajen rigakafi, wanda ya fi suna shi ne motsin da ake kira Nodik. Mutum zai durƙusa a kan tabarma ko katifa, abokinsa ya danne masa idon sawu, sa'an nan ya riƙa faɗuwa gaba a hankali, jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, yana birki da bayan cinya har inda ƙarfinsa ya ƙare, ya tare ƙasa da hannu. A wani gwaji da aka buga a 2011, an bi 'yan ƙwallon Denmak 942 na kulob 50. Waɗanda suka yi wannan motsi, daga kaɗan ana ƙarawa har mako 10, daga nan sau ɗaya a mako, sun sami rauni 15. Waɗanda ba su yi ba sun sami 52. Amfanin ya fi fitowa ga waɗanda suka taɓa jin ciwon. A 2019 aka haɗa sakamakon bincike 15 da suka shafi 'yan wasa fiye da 8,000, aka ga motsin yana rage raunin da kusan rabi. Ba ya bukatar ƙarfe ko sisin kwabo, amma duk da haka da wuya a ga mai yinsa a kangon ɗaga ƙarfe, wataƙila domin ba ya fito da ƙirji, ba kuwa mai tafa wa wanda ya yi shi.

Komawa ga ƙarfe

Ga mai ciwon agarar sama, ma'aikatan sashen gashi na asibiti, watau fisiyo, sukan bi da shi mataki-mataki, kuma ma'aunin matakan shi ne yawan lanƙwasar ƙugu. Da farko sai motsin da ƙugu ke a miƙe: ya kwanta rigingine, ya kafa dugadugai, ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe na daƙiƙa 30 zuwa 45, sau 4 ko 5. In wannan ya zauna, sai a shiga lanƙwasa gwiwa da nauyi yana kwance rub da ciki, ana ɗagawa a hankali ana saukewa a hankali. Bayan haka ne ake komawa ɗagin ƙasa, amma daga kan bulo, sanda a daidai gwiwa, da nauyi kaɗan, kana a riƙa rage tsawon bulon mako bayan mako. Gudu mai tsanani, da tsalle, da fizgar ƙarfe su ne na ƙarshe. A tsakanin nan babu abin da ya hana shi aikin ƙirji da kafaɗa da hannu. Abin da zai jingine shi ne tsuguno mai zurfi da sunkuyo da gwiwa a miƙe. Ya kuma sa matashi mai laushi a wurin zama, ya riƙa tashi yana takawa.

Ba a cewa sai babu zafi ko kaɗan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in aka auna zafi daga 0 zuwa 10, wanda bai wuce 3 ba ana iya aiki da shi, muddin ya lafa cikin awa 24. Alƙalin gaskiya shi ne safiyar gobe. In mutum ya tashi ya ji ya fi jiya ciwo, to nauyin jiya ya yi yawa, sai a koma baya taki ɗaya. Agara tana son kwana ɗaya ko biyu tsakanin aiki mai nauyi da wani, kuma warkewarta lissafin watanni ne, daga 3 zuwa 6, wani lokaci fiye. 

Sauran ƙa'idojin sanannu ne: ɗumama jiki na minti goma da ɗaga nauyi marar yawa kafin babba, musamman da sanyin hunturu, sanda ta riƙa bin jikin ƙwauri, kada a bar ɗagin ƙasa sai ƙarshe bayan an gaji.

Kantin magani

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi tsada. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diklofenak da ibufurofen suna da amfani na 'yan kwanaki, amma wanda ya mai da su abin sha kafin ɗaga ƙarfe ya kashe ƙararrawar da ke gargaɗinsa, ya kuma jefa cikinsa da ƙodarsa cikin haɗari. Tramol ya fi muni, don ga ɓoye ciwo ga kama mutum. Allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da ake sayarwa a ɓoye suna ƙara faɗin tazarar nan da ke tsakanin ƙarfin tsoka da na agara. Akwai kuma wanda ba a zato, watau Cipro da danginsa, da mutane ke saye ba takardar likita da sun ji zazzaɓi su ce taifot ne. Tun 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a buga gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalinsu, cewa suna iya jawo kumburi ko tsinkewar agara. Wanda likita ya rubuta wa irin wannan magani ya gaya masa yana ɗaga ƙarfe.

Masu kuɗi ma ba su tsira ba. Akwai allura mai tsada da ake yi da jinin mutum bayan an tace shi. A wani gwaji da aka yi a Holan, aka buga a 2014, 'yan wasa 80 masu yagewar bayan cinya aka raba biyu, rabi aka yi musu ita, rabi aka yi musu ruwan gishiri. Kowane kashi kwana 42 ya ɗauka.

Akwai halin da ba a jira. In mutum ya ji ƙara mai ƙarfi ya faɗi, jini ya kwanta daga ɗuwawu har bayan gwiwa, ya kasa taka ƙafa sosai, ko aka taɓa aka ji rami a ƙasan ɗuwawu, mai yiwuwa agarar ta tsinke daga jikin ƙashi. Wannan ba aikin maɗori ba ne, ba kuwa na ƙahon wanzami ba. Aikin likitan ƙashi ne, kamar waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, kuma in ta kama a yi tiyata, ta makonnin farko ta fi sauƙi, kafin tsokar ta janye ƙasa ta manne da jijiyar laka. Haka nan mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko kumburin sha-raɓa mai zafi, ko fitsari ya koma kalar shayi bayan aiki mai tsanani, duk na asibiti ne a ranar.

Iyaye da masu horarwa su lura da yara matasa. Ƙashin zama yana cikin ƙasusuwan da ke makara wajen haɗewa, wani sai ya haura shekara 20. A jikin yaro ɗan shekara 14 ko 16 agara ta fi wannan gaɓa ƙarfi, saboda haka a maimakon tsoka ta yage, sai ta ɓantaro guntun ƙashi. Alamun iri ɗaya ne da na babba, shi ya sa akan yi wata da watanni ana shafa masa mai ana cewa raki ne, alhali hoton ƙashi na rana ɗaya ya isa ya nuna abin da ya faru.